Indararon Ɗakin Inna

Unguwar Sheshe, Kano,
Bayan Ƙaramar Sallah.

Zuwa ga Yayana Muttaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka isa Abuja lafiya, ka tarar da Anti Bahijja da yara ƙalau. Ya gajiyar hanya, ya aiki? Mu nan lafiya lau muke, sai zafin bazara da ya sa ko ƙadangaru sun daina fitowa tsakar gida. Inna tana gaishe ka, ciwon ƙafar nata da sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin hoton takarda a wayarka. Ka san kunnen Inna. Idonta ne ya yi rauni, amma in na yi waya a zaure, tana daga ƙuryar ɗakinta za ta gyara mini magana. Shi ya sa na koma biro da takarda, in rubuta in ɗauki hoto in turo maka.

Godiya ce ta sa na rubuto. Da na dawo daga gaishe-gaishen Sallah ka ce mini ka hau saman ɗakin Inna kai da wani injiniya kun gama gyaran bana, wallahi sai da na yi ƙwalla. Tun rasuwar Baba aikin nan ya koma wuyan ƙaninmu Ɗahiru, ban taɓa zaton babban ma'aikaci irinka zai naɗe shaddarsa ta Sallah ya taka tsani ba. Ashe har yanzu ɗan Malam Audu ne kai, tumbin ne kawai ya ƙaru.

Na riƙe umarninka. Ka ce maganin da injiniyan ya shafa wa rufin ba ya son a taka shi har damina ta wuce, in kulle tsani a ɗakin ajiya. Na kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanina. Shekaranjiya Ɗahiru ya zo da tsintsiya da bokitin makubar ɗorawa da ya jiƙa don shafe rufi, wai zai hau kamar kullum. Na tare ƙofa na ce Yaya ya riga ya yi. Ya ce shi bai taɓa jin maganin da ke hana a share rufin ƙasa ba, ko leƙawa a bar shi ya yi. Na ce masa kishi ne ke cin sa don ba a nemi shawararsa ba. Ya kalle ni, ya ɗauki bokitinsa ya fita. Ka san halinsa, zai huce.

Ganin bokitin nan ya tuna mini da ranar gyaran sama a zamanin Baba. Yakan rufe shagon ɗinkin hularsa ranar, a fara da sassafe kafin rufi ya yi zafi. Ba mai hawa da takalmi, ba mai hawa in ba wani ya riƙe tsani, ba mai taka tsakiyar ɗaki, sai dai a bi gefe inda bango ya ɗauki nauyi. A share, a cire ciyawa har saiwarta, a cike tsaga da laka, a shafe da makuba. Indararo kuwa, Baba da hannunsa yake zura sanda ya kwashe abin da tsuntsaye suka tara, sannan ya zuba bokitin ruwa ya ga ya bi hanyarsa ya zuba a lungun baya. Kafin duk wannan, kai ne mai kira. Muryarka ta fi ta kowa, za ka tsaya tsakar gida ka ɗaga kai ka ce, "Za a hau sama, jama'a a kintsa!" don matan maƙwabta su rufe jiki ko su shiga ɗaki. Ni kuma in yi ta kwaikwayonka har ka biyo ni da gudu.

Wani abu ya ɗan dame ni. Maƙwabciyarmu Baba 'Yardada, ƙawar Inna tun suna amare, ta daina amsa gaisuwata da daɗi, ta kuma daina leƙo Inna. Na rasa laifin da muka yi mata. Ita ma Inna ta yi shiru tun tafiyarka, amma na san kewarka ce.

Alhajin nan mai sayen gidaje yana rushewa yana gina shaguna ya sake aiko da ɗan saƙo. Inna ta ce a gaya masa ɗakin da mijinta ya cika a ciki, daga nan za a ɗauke ta. Na gode Allah da kake bayanmu a wannan magana.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya ƙara buɗi.

Ƙanwarka mai alfahari da kai,
Hajo.


Unguwar Sheshe,
Tsakiyar damina.

Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya da iyali baki ɗaya. Ya ruwa a wajenku? Na ji an ce mura tana damun ƙaramarku, Allah ya ba ta lafiya.

Yaya, ɗakin Inna yana yoyo. Ya fara da ɗigo ɗaya a kusurwar da akwatin Baba yake, na kara kwano. Yanzu kwanukan gidan nan duk sun ƙare, har tukunyar miya na kara. Bango ya yi baƙi daga sama, ɗakin yana warin danshi, jiya kuma wani ɓarɓashin ƙasa ya faɗo a kan sallayarta. Ina koyarwa a aji, da na ga hadari ya haɗo sai hankalina ya bar yara ya dawo gida.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ban ƙara jin ƙarar indararo ba. Tun muna yara, in ana ruwa, ƙararsa a lungun baya ita ce ke hana mu jin maganar juna. Bana shiru. Da na tambaye ka a waya ka ce injiniyan ya karkatar da ruwan ta wani bututu a cikin bango, irin na zamani. To ni dai ina jin mutumin nan ya cuce ka. Ya ga babban mutum daga Abuja, ya shafa abin da ya shafa ya tafi. Kada ka ji kunyar faɗa, ba kai ne farkon wanda mai aiki ya yaudara ba. Ka turo mini lambarsa, ni zan yi masa magana, ka san bakina.

Na gaya wa Inna shawararka cewa ta zo wajenka ta zauna har ruwa ya ɗauke, ɗaki da fanka da komai na jiran ta. Ta ce a gode maka. Na roƙe ta ko ɗakina ta dawo, tunda shi na kwano ne, ta ƙi. In aka fara ruwa sai ta zauna a bakin gado da carbi, ta karkata kai sama kamar mai sauraron wani abu. Ranar nan na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, na ce so take ɗaki ya faɗo mata? Ta ce in bar ta, akwai abin da take jira. Na tambaye ta mene ne, ta ci gaba da jan carbinta.

Ɗahiru ya zo sau biyu yana neman makulli. Na ƙarshen har da rantsuwa, wai in ban bayar ba zai ɓalle ƙofar. Na ce ya ɓalle in ya isa, Yaya ya ce in aka taka maganin nan rufin zai tsage, in wani abu ya sami Inna shi ne sanadi. Ya ce ni da Yayan nawa Allah ya bar mu tare. Yanzu in ya zo gaida Inna, ko kallon inda nake ba ya yi. Raina ba daɗi, amma na zaɓi maganarka, don kai ne ka ga saman da idonka. Kai ne kuma ka tsaya mini lokacin da aurena ya mutu na dawo gidan nan kowa yana zunɗe na. Ban taɓa bin maganarka na yi nadama ba.

Don Allah ka ba ni izini ko leƙawa a yi daga kan tsani, ba sai an taka ba. Ko kuma ka zo da kanka ƙarshen mako, tafiyar ba ta da nisa. Ina kiran wayarka ba ka ɗauka, na san aiki ne.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hajo.


Sheshe,
Ranar Alhamis.

Muttaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, don ina son ka karanta wannan da idonka garau.

Shekaranjiya na shiga gidan Baba 'Yardada aron baho, don namu sun cika. Na durƙusa na ce in laifi muka yi mata ta faɗa, in ba don mu ba ko don Inna. Sai ta ce ranar da na fita gaishe-gaishen Sallah, tana tsakar gidanta da rana tsaka, ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, jikarta tana yi mata tsifa. Ta ɗaga kai sai ta ga namiji a saman ɗakinmu. Ba kira, ba gyaran murya, ba komai. Ta ce da baƙo ne da ta yi ihu a taru, amma sai ta ga kai ne, yaron da ta goya. Kana tsugune a bakin indararo kana cusa wani abu da hannu biyu. A can ƙasa kuma, a lungu, wanda ya riƙe maka tsani ɗan saƙon Alhajin nan ne mai shaguna, ta gan shi da ta leƙa ta kan katanga. Ta ce ita tozarcin ne ya tsaya mata a rai, ta ɗauka mun riga mun sayar da gida shi ya sa muka daina ganin maƙwabta da mutunci.

Na ce mata ƙarya ne. Tsohuwar da ta girmi uwarmu, a cikin gidanta, na ce mata ƙarya take yi. Ka ga inda ka kai ni.

Daga nan shagon Ɗahiru na wuce, na kwance makulli daga bakin zanina na ajiye masa a kan benci. Bai ma yi mini gori ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce ba a hawa rufin da ya sha ruwa haka, sai dai mu kafa tsani daga lungun baya, a jikin bango, mu isa indararo ta waje. Muka jira rana ta buɗe jiya da hantsi. Ya duba wayar wuta, ya daidaita ƙafar tsani da dutse, ya cire takalmi. Har ya ɗora ƙafa sai na ce ya dakata. Na tsaya a lungu na ɗaga murya na ce za a hau sama, jama'a a kintsa. An kuwa ji.

Na riƙe masa tsani ya hau ya leƙa, ya sauko. Ya riƙe mini, ni ma na hau. Na ga kududdufi a kan ɗakin uwarmu. Ruwa kore, da gansakuka, da sauro, tsakiyar rufin ta lotsa. Babu magani, babu bututu, ko tsintsiya ba ta taɓa wurin ba, ganyen bara ma yana nan. Indararon duka biyu an toshe su da buhun siminti da tsumma, an danna sosai, an kuma liƙe bakin da laka an shafe sumul. Aikin wanda ya iya ne. Na gane shafar, haka Baba ya koya muku, da bayan hannu.

Ɗahiru ya sa ƙugiya ya fizgo buhun, ruwan ya yi tsalle ya jiƙa mu sharkaf, ya daɗe yana zuba. Mata suka leƙo daga gidaje suna salati.

Yanzu na gane dalilin rashin kiran. Ba mantuwa ka yi ba, kai da kira ya zame maka jiki tun kana yaro. Wanda ya hau gyara shi ke son a san ya hau. Na kuma gane dalilin da ya sa ni ka ba makulli. Ka duba gidan nan kaf ka ga ba wanda zai tsare maka ɓarnarka da zuciya ɗaya sai Hajo, wawiyar da ba ta taɓa tambayarka dalili ba. Wata da watanni ina gadin ruwan da ke cin azarar ɗakin uwata, ina faɗa da wanda ya zo ceto, ina rubuto maka godiya. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, har na kasa cin abinci.

Inna ta ba mu mamaki. Da muka shiga muka ce dole ta bar ɗakin yau, na shirya roƙo da kuka. Sai ta tambayi wa ya buɗe indararo, don ta ji zubar ruwan. Na ce Ɗahiru ne. Sai ta laluba ta ɗauki carbinta da mayafi ta miƙo mini hannu. Tana gidan Baba 'Yardada yanzu, na je na ba tsohuwar haƙuri a gaban jikokinta. Ban gaya wa Inna komai ba, na ce shara ce ta toshe.

Ina jiran amsarka. Kada ka ce aiki.

Hajo.


Sheshe,
Ƙarshen damina.

Muttaka,

Assalamu alaikum. Ka gaida Anti Bahijja da yara, su ba su yi mana komai ba.

Na saurari saƙon muryar da ka turo. Ka ce ba nufinka ɗaki ya faɗi ba, so kake ya yi ɗan yoyo kawai, Inna ta tsorata ta yarda ta bar gidan ƙasa ta koma inda za ta huta, kowa ya sami rabonsa ya rabu da wahalar yaɓe duk shekara. Ka ce don ita ka yi. Har da kuka ka yi a ƙarshe, na ji. Da wani ne ya faɗi haka, wanda ya tashi a gidan bulo, da na ce jahilci ne. Amma kai Baba ya riƙe hannunka ya nuna maka azarar da ruwa ya kwana a kanta, ya sa ka lotsa ta da yatsa ka ga yadda take zama kamar dafaffen rogo. Ka sani sarai. Ka toshe, ka wanke hannu, ka shiga ɗakin ka ci tuwon Sallah a gabanta, ka yi mata sallama ka hau mota.

Ɗakin ya faɗi. Ranar Asabar bayan la'asar, ana yayyafi ma ba ruwan kirki ba, azara ta karye daga tsakiya, rufin ya zubo a kan gadon Inna. Daidai inda take zama da carbi. Mun riga mun fitar da akwatin Baba da tufafinta, gadon ne ya yi nauyi muka ce sai washegari. Na tsaya ina kallon ƙasa da itace a kan katifar, sama a buɗe. Malam Ɗalha magini ya duba ya ce bangon zai tsaya, in rani ya shiga za a iya sake rufi, ko da yake azara mai kyau ta yi wuya yanzu. Mazan unguwa sun ce za su taya mu. Ɗan saƙon Alhajinka ya zo jaje, Ɗahiru ya raka shi har bakin titi, ban tambayi abin da ya gaya masa ba, bai dai sake dawowa ba.

Ka roƙe ni kada in gaya wa Inna, wai zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Na yi niyyar rufa maka asiri, ba don kai ba, don ita. Da yammacin da ɗakin ya faɗi na je na zauna kusa da ita a gidan Baba 'Yardada, ina ta kame-kame, ina cewa daminar bana ce ta yi yawa, gini kuma ya tsufa. Ta bari na gama, sannan ta dafa gwiwata ta ce:

"Hajo, daina wahalar da kanki. Ina cikin ɗakin ranar da yayanku ya hau. Takun ɗana ba ya ɓace mini, tun yana yaro yake jan ƙafar hagu. Na zauna ina jiran kira, ban ji ba. Ban ji tsintsiya ba, ban ji an zuba ruwan gwaji ba. Na ji ya daɗe a bakin indararo, ya koma ɗayan ya daɗe. Tun ranar na sani."

Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba, me ya sa ta zauna a ƙarƙashinsa duk ruwan nan? Ta ce ta san ɗanta, ba zai iya barci ba in ya ga hadari. Zai dawo ya hau ya cire da hannunsa, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani, ita kuma ta mutu da maganar a cikinta. Ta ce in ta bar ɗakin, ba ka da sauran dalilin dawowa, shi ya sa ta zauna. Duk ruwan da aka yi bana, takunka take sauraro a sama.

Ban san abin da zan ƙara a kan wannan ba. Ni fushina mai sauƙi ne, na yi kuka, na yi zagi a zuci, wata rana wataƙila in gaji in bari. Abin da ba zai dawo ba shi ne yadda nake jin maganarka in ɗauka ba tare da na juya ta ba. Makullin ɗakin ajiya yana hannun Ɗahiru yanzu, kuma in Allah ya kai mu bazara shi zai hau, ni in riƙe tsani in yi kira.

Ka ce kana son zuwa amma kana jin nauyi. Ƙofar gidan ubanka a buɗe take, ba ni da ikon rufe ta. Inna ba za ta zo Abuja ba, kada ka sake aiko da maganar. Tana cin abinci, tana hira da ƙawarta, jiya har dariya na ji sun yi. Tana sa maka albarka bayan kowace salla kamar yadda ta saba, ban ji ta cire sunanka ba.

Da zan fara rubutun nan na gaya mata kai zan rubuta wa, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce in gaishe ka, in tambayi jikin ƙaramarku, in kuma gaya maka kada ka damu da sauri a hanya, ta daina jira.

Wassalam.

Hajo, 'yar Malam Audu.